Tsara Darasi a Karatun Intanet

Tsara darasi fanni ne na ilimin koyarwa da ke nazarin yadda za a shirya karatu tun kafin a fara shi: me ake so ɗalibi ya iya, ta wace hanya zai kai ga hakan, kuma da me za a gane ya iya. A aji, malami na kallon fuskokin ɗalibai, in ya ga an ɓata sai ya sake bayani. A karatun intanet babu wannan dama, don haka duk inda ɗalibi zai yi tuntuɓe sai an hango shi tun a wajen shiri.

Asali

Fannin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Ya samo tushe ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da rundunar sojan Amurka ta buƙaci horar da ɗimbin mutane cikin gaggawa, ta nemi taimakon masana halayyar ɗan Adam, ciki har da Robert Gagné. A 1956 masanin ilimi Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka jera matakan fahimta, daga haddace abu har zuwa iya yanke hukunci a kansa. A 1975 kuma Jami'ar Jihar Florida ta shirya wa sojan Amurka tsarin da daga baya aka sani da ADDIE, mai matakai biyar: binciken buƙata, zana tsari, haɗa kayan darasi, koyarwa, da auna sakamako. Ana sukarsa da jan lokaci, amma har yau da shi akasarin masu shiga fannin ke buɗe ido.

Sauye-sauye

Manhajar Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar kyauta a 2002, ta ba makarantu marasa ƙarfi damar buɗe azuzuwa a intanet. A 2011 wasu malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe wa duniya darasinsu na Jami'ar Stanford kan ƙirƙirarriyar basira, mutum kusan 160,000 suka yi rajista. Shekara ta zagayo aka kafa Coursera da edX, dandaloli biyu na darussan intanet. Sai dai kaɗan ne daga masu rajistar irin waɗannan darussa ke kaiwa ƙarshe, kuma wannan ne ya koya wa masu tsarawa babban darasi: ɗora laccar awa guda a bidiyo ba koyarwa ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan bidiyon edX ya nuna hankalin masu kallo na fara janyewa bayan kimanin minti 6. Shi ya sa aka karkata ga gajerun darussa, kowane da tambaya ko aikin yi a bayansa.

Annobar korona ta 2020 ta tilasta wa makarantu komawa intanet ba shiri, masana kuwa suka dage cewa a bambanta koyarwar gaggawa da karatun da aka tsara, kuma suna da gaskiya. Tun fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubuta amsar tambayoyi, a Nuwamban 2022, muhawara ta koma kan jarrabawa: yaya za a tabbatar ɗalibi ne ya yi aikin?

Taruka

Masu wannan sana'a na haɗuwa a manyan taruka, inda malaman jami'a da jami'an gwamnati da kamfanonin manhaja ke musayar ƙwarewa. Taron Online Educa na birnin Berlin a Jamus ya fara ne a 1995. A Amurka akwai DevLearn da ake yi a Las Vegas, wanda ya fi karkata ga horar da ma'aikata. Taron eLearning Africa ya fara a Addis Ababa a 2006, yana kuma kewaya biranen nahiyar, irin su Nairobi da Accra da Dakar. A nan batutuwan sun sha bamban, domin tsadar data da ƙarancin lantarki da karatu ta wayar hannu su ne a gaba. A Disamban 2013 Abuja ta karɓi baƙuncin karo na bakwai na taron ƙasashen Kwamanwel kan karatu daga nesa, tare da haɗin gwiwar NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya.