Wai da gaske ɗan wasan Ostireliya ya sha gwangwanin giya 52 a jirgi ɗaya?

Daga ina wannan labari ya fito?

A 1989 ne, tawagar wasan kurket ta Ostireliya ta taso daga Sidni za ta Landan domin gasar Ashes da suke fafatawa da Ingila. A cikinsu akwai David Boon, gajere kakkaura mai uban gashin baki, ɗan tsibirin Tasmaniya. To abokan wasansa ne suka ce kafin jirgi ya sauka ya tashi da gwangwani 52. Kuma fa ba shi ya fara ba, gasa ce ya tarar, ana cewa cikin 'yan wasan tawagar na baya Doug Walters ya sha 44 a 1977, Rod Marsh ya zo ya ɗora ɗaya a kai a 1983.

Anya kuwa cikin mutum zai ɗauka?

Ni ma nan na tsaya. Gwangwaninsu na yau da kullum mililita 375 ne, ka ga 52 ya kai lita 19 da rabi kenan, kusan jarka guda a tafiyar kwana ɗaya, ko ruwan sanyi ne ai sai an sha wuya. Shi Boon bai taɓa fitowa ya ce eh haka aka yi ba, masu ba da labarin kuwa kullum da dariya suke ba da shi. Abin da ya raya zancen shi ne sun je sun lallasa Ingila 4-0, da kashi suka sha da tuni an ce ga mashayan da suka jawo mana.

To me ya sa suke alfahari da shi?

Al'adar mashaya ce ta can, in kun zauna kowa sai ya sayi zagaye ɗaya na kowa, wanda ya zame a ce masa marowaci. Sannan daga 1916 aka riƙa rufe mashaya ƙarfe 6 na yamma a jihohi da dama, wasu har cikin shekarun 1960, sai ma'aikata su tashi aiki su ruga su yi ta ɗurawa kafin a rufe, saurin sha ya zama bajinta. Har firaminista Bob Hawke, wanda ya yi mulki 1983 zuwa 1991, an san shi da shanye babban kofin giya cikin daƙiƙa 11 lokacin yana ɗalibi a Oxford, duk da dai ya ajiye ta sa'ad da yake kan kujera. Ga kuma kuɗi, kamfanin giyar VB ya daɗe yana ɗaukar nauyin tawagar, a 2005 har 'yar tsana mai magana ya yi da siffar Boon yana talla.

A kurket kaɗai ne?

A'a. Daniel Ricciardo na tseren mota ya riƙa zuba shampen a takalminsa mai gumi yana sha a kan dandamali tun 2016. Ƙazanta dai.

Babu wanda abin ya cutar?

Akwai mana, sai dai ba a cika ba da nasu labarin da dariya ba. Andrew Symonds gwani ne na gaske amma a 2009 daga Ingila aka kore shi gida ana shirin gasar duniya saboda batun sha, kuma daga nan bai sake buga wa ƙasar ba.

Musulmi fa, yaya suke yi a irin wannan tawaga?

A 2013 an yarda Fawad Ahmed ya sa riga babu tambarin giya. A Janairun 2022 kuma a Hobart, an ɗaga kofin Ashes an fara fesa shampen sai Usman Khawaja ya sauka daga dandamali ya koma gefe, kyaftin Pat Cummins na ganin haka ya ce a ajiye kwalabe, ya yafito shi ya dawo aka ɗauki hoto tare.