Siririn Jirgin Ruwa na Ingila da Tsohon Injinsa

Siririn jirgin ruwa wani nau'in jirgi ne dogo marar faɗi da ake tuƙawa a hanyoyin ruwan da aka haƙa da hannu a Ingila da Wales. Faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, tsawonsa kuma yakan kai ƙafa 70 ko ɗoriya kaɗan. An ƙera shi ne don dakon kwal da sauran kaya masu nauyi, amma a yau mafi yawansu na shaƙatawa ne ko na zama. Wasu daga cikinsu har yanzu da injinan dizal da suka haura shekara 70 suke tafiya.

Asali

Galibi ana fara tarihin ne daga shekarar 1761, lokacin da aka buɗe hanyar ruwa ta Bridgewater don kai kwal daga mahaƙar Worsley zuwa Manchesta. James Brindley, wanda ya yi fice a wannan aiki, shi ne ya tsara hanyar Trent da Mersey, wadda aka kammala a 1777 bayan rasuwarsa. Madatsun hawa da sauka (wato ɗakunan ruwa masu ƙofofi da ake cikawa ko ragewa don ɗaga jirgi ko sauke shi) da aka gina a tsarinsa faɗinsu bai wuce ƙafa 7 da kaɗan ba, kuma wannan awon ne ya tilasta wa maƙera jiragen tsakiyar Ingila su tsaya kan siffar da ake gani har yau.

A wancan lokaci doki ne ke jan jirgin da igiya, yana tafiya a kan turbar da ke gefen ruwa. A ramukan da aka fasa ta ƙarƙashin tsauni, inda sau da yawa babu turba, sai a kwance dokin a bi da shi ta bisa, ma'aikata kuma su kwanta a kan katako suna tokarar bango da ƙafa har jirgin ya fita. Ramin Standedge, wanda aka buɗe a 1811, tsawonsa ya haura kilomita 5, kuma haka ake ratsa shi a da.

Da jirgin ƙasa ya karya kuɗin dako, sai matuƙa da yawa suka kwaso iyalansu suka tare a ɗan ɗakin da ke bayan jirgin, don mata da yara su zama ma'aikata. A nan ake girki, a nan ake haihuwa. Dokar 1877 ce ta fara sa ido kan yawan mutanen da za su kwana a ciki.

Shigowar inji

An gwada injin tururi, amma tukunyarsa da kwal ɗinsa suna cinye wurin kaya. Sauyin gaske ya zo wajen 1912, lokacin da kamfanin dako na Fellows, Morton & Clayton ya fara sa injin Bolinder na ƙasar Suwidin a jiragensa. Silinda ɗaya gare shi. Kafin ya tashi sai an gasa wani ƙoƙon ƙarfe da ke kansa da fitilar hura wuta na wasu mintoci, sannan matuƙi ya taka wani maratayi a jikin babban faifan ƙarfen injin ya juya shi da ƙafa. Da yawansu ba su da giyar baya: idan ana son ja da baya, sai a rage gudu har injin ya kusa mutuwa, a ja sanda ya koma juyawa ta ɗaya ɓangaren. In aka kuskure lokacin, injin ya mutu jirgi na tunkarar ƙofar madatsa. Wannan ƙwarewa ce da ta cancanci a girmama masu ita, don yawancinsu ba su yi karatun boko ba, da kunne suka san injinsu.

Jirgi mai inji yakan ja wani marar inji a bayansa, biyun kuma iyali ɗaya ke kula da su. A shekarun 1930 kamfanin dako na Grand Union ya yi odar sababbin jirage masu yawa, aka sa musu injinan National da Russell Newbery masu silinda biyu. Sauran sunayen da ake ji da su su ne Gardner na Patricroft, da Kelvin na Glasgow, da Petter, da kuma Lister na garin Dursley. Sunan Lister ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, inda injinansa suka daɗe suna niƙa da ba da wuta, kuma duk bakaniken da ya taɓa kwance ɗaya zai gane yawancin abin da ke ɗakin injin waɗannan jirage. Daga baya jiragen haya suka cika da BMC 1.5 da 1.8, waɗanda asalinsu injinan mota ne.

An mayar da yawancin hanyoyin ruwan hannun gwamnati a 1948. Sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwa makonni, jirage suka maƙale, 'yan kasuwa suka koma ga manyan motoci. Dako bai sake farfaɗowa ba. Ƙungiyar Inland Waterways Association, wadda aka kafa a 1946, ta yi ta fafutukar hana rufe hanyoyin.

Kula da tsohon inji

Waɗannan injina a hankali suke juyawa, ƙarfensu kuma mai kauri ne, shi ya sa suke jimirin shekaru. Abin da ya fi kashe su sakaci ne. Kafin a tayar da safe ana duba baƙin mai da ruwan sanyaya da bel ɗin caji. Ana canza baƙin mai da matatarsa bisa sa'o'in aiki, a injina da yawa wajen sa'a 250, ko sau ɗaya a shekara. Tsohon inji ya fi son baƙin mai na gargajiya, don na zamani mai santsi sosai yana iya sa cikin silinda ya yi sulɓi, zoben fistin ya daina kamawa. Haka ma barin inji yana ta aiki ba nauyi don cajin batir kawai.

Yawancin matsala daga mai take tasowa. Tankin da aka bari rabi a lokacin sanyi yana tara raɓa, ruwan ya kwanta a ƙasa, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a tsakanin ruwa da dizal su zama baƙin kauci mai toshe matata. Dizal na yanzu, da ake gauraya shi da man tsirrai har kashi 7 cikin 100, ya fi jan ruwa. Bayan canza matata ko ƙarewar mai, injin kan sha iska. Sai a sassauta notin kan matata, a yi ta danna ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, a ɗaure. In bai tashi ba a sassauta bututun nozul a juya injin har mai ya tsarto. Hayaƙi ma yana magana: baƙi nauyi ne ko nozul ya lalace, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari kuwa mai ne da bai ƙone ba ko ruwa ya shiga silinda.

A masu tashi da hannu, ana ɗaga sandar sakin matsi, a juya hannun har faifan ya ɗauki gudu, sannan a sauke sandar. Babban yatsa ba ya zagaye hannun, saboda in injin ya mayar da bugu zai iya karya shi. Notunan tsofaffin injinan Ingila na awon Whitworth ne, sifanar milimita tana cinye musu kai.

Yawancin jiragen ƙarfe ba su da lagireto. Ruwan injin yana bi ta wani siririn tanki da aka liƙa a cikin bangon jirgin, ruwan waje ya sanyaya shi. Inda sandar farfela ta huda jirgi akwai maƙunshi da ake matsa wa giris kowace yamma da ɗan murfi mai juyawa, in ba haka ba ruwa ya riƙa ɗiga. Bisa farfela akwai wata ƙofa da ake buɗewa a zura hannu a cire leda, igiya ko waya. Dole a kashe inji a zare makulli kafin a buɗe ta, kuma rashin rufe ta da kyau ya nutsar da jirage.

Harkokin yau da kullum

Iyakar gudu mil 4 ne a sa'a, ana kuma ragewa sosai idan za a wuce jiragen da ke ɗaure. Jirage biyu in sun haɗu kowa dama yake bi. Matuƙi da kansa yake buɗe madatsa da wani maburgin ƙarfe mai lanƙwasa; a wani wuri da ake kira Tardebigge madatsai 30 ne a jere. Wajen sauka ana tsare bayan jirgi kada ya hau dakalin da ke ƙarƙashin ƙofar sama. Ruwan sha da zubar da bayan gida suna da wurarensu a bakin hanya. Ana fitar da jirgi a shafe jikinsa da baƙin fenti mai kwalta duk shekara biyu zuwa uku.

Doka

Tun 2012 gidauniyar Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin. Ana buƙatar lasisi, inshora da takardar binciken lafiyar jirgi ta shekara huɗu. Ba a tayar da inji a wurin ɗauri daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Wanda ba shi da matsaya ta dindindin ba ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Nisan da ya kamata ya yi kafin ya sake ɗaurewa kuwa, har yanzu ana jayayya a kansa tsakanin gidauniyar da mazauna jirage, musamman a Landan.