Kujerar da aka bari babu kowa: tambayoyi kan ladabin mutanen Poland da tabon yaƙi

Me ya sa mutumin Poland ba ya ce wa baƙo "kai"?

Domin a wurinsu raini ne. Namiji "Pan" ake ce masa, mace "Pani", kuma ana yi wa mutum magana kamar ana zancen wani. Ba a cewa "kana son shayi?", sai dai "Pan yana son shayi?" Maƙwabta na iya shafe shekara ashirin a haka, har sai babba a cikinsu ya ba da izinin kiran suna. Asalin kalmar ta iyayen gida ce, masu ƙasa da sarauta. Gwamnatin kwaminisanci da ta zo bayan 1945 ta so a riƙa cewa "ɗan ƙasa" ko "abokin gwagwarmaya", amma abin bai kama bakin jama'a ba. Gwamnatin ta faɗi a 1989, Pan da Pani suna nan.

In an gayyace ni gida fa?

Cire takalmi, za a miƙo maka silifas. Kada ka miƙa hannu daga kan dokin ƙofa, shiga tukuna. In za ka kai furanni, su zama uku, biyar ko bakwai, kuma ka guji kirisantimam, furen maƙabarta ne. Sumbatar hannun mace kuwa sai dattawa, matasa sun fara barinta.

Gaskiya ne suna ajiye kujera da faranti babu mai su?

Gaskiya ne, a liyafar jajiberin Kirsimeti da suke kira Wigilia. An ce na baƙon da zai iya ƙwanƙwasa ƙofa ne, don suna da karin magana cewa baƙo a gida, Allah a gida. Amma tarihi ya ƙara wa kujerar nauyi. A 1795 Rasha da Furusiya (wata masarautar Jamusawa) da Ostiriya suka gama raba ƙasar, ta ɓace daga taswira shekara 123, sai 1918 ta dawo. Ranar 1 ga Satumba 1939 Jamus ta afka mata, ranar 17 ga wata Tarayyar Sobiyet ta shigo ta gabas. An kwashe dubban ɗaruruwa zuwa Saberiya da Kazakistan. A 1940 'yan sandan asirin Sobiyet suka harbe kimanin mutum 22,000, hafsoshi da 'yan sanda da masu ilimi, a kisan da ake kira Katyn, Moscow kuma ba ta amsa laifin ba sai 1990. A gidan da aka tafi da uba ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kowa ya san wanda farantin yake jira.

Wace magana ce ta fi ɓata musu rai?

Cewa "sansanonin kisa na Poland". Auschwitz da Treblinka da Sobibor a ƙasarsu suke, amma Jamusawa 'yan mamaya ne suka gina su, suka gudanar da su. Poland ta rasa kusan mutum miliyan 6 a Yaƙin Duniya na Biyu, rabinsu Yahudawa. Fursunonin da aka fara kaiwa Auschwitz daga Tarnów a Yunin 1940 ma akasarinsu 'yan siyasar Poland ne. Saboda haka wanda ya jingina musu sansanonin kamar ya je ta'aziyya ne ya zargi masu makoki da kisan.

Barack Obama ya yi wannan tuntuɓen harshe a 2012, kuma a wuri mafi muni: yana karrama marigayi Jan Karski, mutumin da ya kai wa ƙasashen Yamma labarin kisan Yahudawa. Sai da ya rubuta wa shugaban Poland takardar nuna nadama. A 2018 majalisa ta yi dokar ɗaurin da zai iya kai shekara uku ga wanda ya ɗora wa ƙasar laifin 'yan Nazi. Bayan ce-ce-ku-ce da Isra'ila da Amurka, aka cire hukuncin ɗaurin cikin 'yan watanni. A ganina cirewar ta dace, domin kurkuku ba ya gyara bakin mutane.

Ke nan hannunsu fes yake?

A'a, kuma nan ne hira takan yi zafi. A lokacin mamayar Jamusawa, ɓoye Bayahude a Poland hukuncinsa kisa ne, duk da haka Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan Yahudawa da ke Isra'ila, ta karrama 'yan ƙasar sama da 7,000 da suka yi kasadar, fiye da na kowace ƙasa. A ƙauyen Markowa, a Maris 1944, an harbe Józef da Wiktoria Ulma da 'ya'yansu tare da Yahudawa takwas da suka ɓoye. Amma akwai kuma Jedwabne, inda a Yulin 1941 mutanen gari suka ƙona ɗaruruwan maƙwabtansu Yahudawa a cikin rumbu. Dukkan biyun sun faru. Baƙo mai hankali ba ya buɗe wannan babi a kan abinci. In mai gida ya buɗe, sai ya fi ba da kunne.

Me ke faruwa a Warsaw ranar 1 ga Agusta?

Da ƙarfe 5 na yamma jiniya ke kaɗawa, motoci su tsaya, masu tafiya su ƙame na minti ɗaya. A wannan sa'a ce boren da mutanen birnin suka yi wa mamayar Jamusawa a 1944 ya fara. An yi kwana 63 ana gwabzawa, sojojin Sobiyet na tsallaken kogin Vistula ba su kawo ɗaukin kirki ba, fararen hula sama da 150,000 suka mutu, sannan Jamusawa suka bi birnin gida-gida suna rushewa. Kada a haɗa shi da boren unguwar Yahudawa na Afrilun 1943, wanda a gaban dutsen tunawa da shi shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Willy Brandt, ya durƙusa a 1970. Idan jiniya ta same ka a titi, ka tsaya inda kake, ka yi shiru har ta ɗauke.