Ba a sare bishiya domin yin matoshin kwalba

An daɗe ana cewa matoshin nan mai laushi da ake toshe kwalaben giyar inabi da shi a Turai, sai an sare bishiya kafin a samu. Ba laifin masu wannan zato ba ne, domin kamannin itace gare shi.

Gaskiyar ita ce ɓawon bishiyar, wadda ake kira cork oak da Turanci, kawai ake ɓarewa, da gatari, a hankali, ba tare da an ji wa jikinta ciwo ba, kuma ɓawon yakan sake tofowa. A Fotugal, wadda ke samar da kusan rabin abin da duniya ke amfani da shi, ba a fara ɓare bishiya sai ta kai kimanin shekara 25, sannan a jira shekara 9 kafin a koma mata. Ɓawon farko ma bai dace da kwalba ba; sai a karo na uku ake samun mai kyau.

Mai son tabbatarwa ya duba hotunan dazukan Alentejo, wani yanki a kudancin Fotugal: zai ga kututtuka jajaye, tsaye da ganyensu, an rubuta lamba da farin fenti mai nuna shekarar ɓarewa. A taimaka a yaɗa wannan bayani.