Hutun aikin sa kai ba tare da yanke albashi ba: tambayoyi da amsoshi

A wasu wuraren aiki, idan ka duba jerin hutun da ma'aikaci yake da haƙƙinsa, bayan na shekara da na rashin lafiya da na haihuwa za ka tarar da wani na daban. Kwana ɗaya ne, ko uku, ko bakwai, da mutum zai bar teburinsa ya je ya taimaka wa wata ƙungiyar agaji ko wata hidimar al'umma, wata ya ƙare kuma albashinsa ya fito cif. Ina cikin masu ganin tsari ne mai kyau, amma kyansa ya rataya ne a kan yadda aka tafiyar da shi.

Mene ne ainihin wannan hutu?

Yarjejeniya ce tsakanin ɓangare uku. Kamfani ya ba da lokaci, ma'aikaci ya ba da ƙarfinsa da saninsa, ƙungiyar agaji ta karɓi aikin ba tare da ta biya kowa ba. Ana lissafa shi da sa'o'i ko kwanaki a shekara, kuma ba a cire shi daga hutun shekara. Ma'aikaci yakan nemi izinin shugabansa tun da wuri, ya faɗi inda za shi, in ya dawo ya rubuta sa'o'in da ya yi. Aikin kuwa iri-iri ne: koya wa yara karatu, dashen itatuwa, jera kayan agaji a rumbun ajiya, zama da tsofaffi, daidaita wa ƙaramar ƙungiya littafin kuɗinta. Galibi ana gindaya sharaɗin cewa ƙungiyar ta kasance mai rajista, wadda ba riba take nema ba, kuma akan cire yaƙin neman zaɓe daga ciki.

Idan ana biyan mutum albashi, ina sa kan yake?

Ban ga laifin mai wannan tambaya ba. Sa kai a asalinsa shi ne mutum ya ba da abin da yake nasa don ganin damarsa, ga shi kuma a nan lokacin ma na kamfani ne. Amma a duba ta ɓangaren wanda ake yi wa aikin. Ƙungiyar ba ta biya ba, yaron da aka zauna aka koya wa lissafi bai biya ba. Kamfani ne ya yi kyautar lokaci, ma'aikaci kuma ya kawo niyya: da ya so, da ya yi zamansa a ofis ranar, ba mai ce masa kanzil.

Mutane da yawa kuma ba rashin tausayi ne ya hana su taimako ba, rashin sarari ne. Wanda ya fita tun asuba ya dawo bayan almuru, ga yara ga tsofaffin iyaye, in ka ce ya sadaukar da 'yar ranar hutunsa ka ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Haka wanda albashin kwana ɗaya yake da gurbi a lissafin gidansa, ba zai iya barin shi ya tafi ba komai son zuciyarsa. Biyan albashin shi ne ke buɗe wa irin waɗannan ƙofa, don kada hidimar al'umma ta zama ta masu hali da 'yan fansho kaɗai. Sannan yawancin buƙatun a ranakun aiki suke faɗowa, domin a lokacin makarantu da ofisoshin ƙungiyoyi suke buɗe.

Su wa suke yi, kuma kwana nawa suke bayarwa?

Timberland, kamfanin takalma na Amurka, yana cikin na farko-farko: a 1992 ya fara ba ma'aikatansa sa'a 16 a shekara, daga baya ya ɗaga zuwa 40, mako guda cur na aiki ke nan. Salesforce, kamfanin manhajar kwamfuta da Marc Benioff da abokansa suka kafa a 1999, ya yi suna da ware kashi 1 cikin 100 na hannun jarinsa, da kashi 1 na hajarsa, da kashi 1 na lokacin ma'aikatansa don ayyukan jin ƙai, kuma yana ba kowane ma'aikaci kwana bakwai a shekara, wato sa'a 56. Patagonia, mai yin tufafin hawan dutse da yawon daji, yana barin ma'aikaci ya tafi har wata biyu yana yi wa wata ƙungiyar kare muhalli aiki, albashinsa na tafiya. IBM, kamfanin kwamfuta, a 2008 ya fara tura ƙwararrunsa rukuni-rukuni zuwa ƙasashe masu tasowa, su shafe kimanin mako huɗu suna taimaka wa hukumomi da ƙungiyoyi. Microsoft ya ƙara da wata dabara: duk sa'ar sa kai da ma'aikaci ya yi, kamfanin yakan ba ƙungiyar dala 25.

Waɗannan manya ne, su ake ji. Amma a ɗauki kamfani mai mutum 200 da ya ba kowa kwana biyu na sa'a takwas-takwas. Sa'a 3,200 ke nan a shekara, kwatankwacin aikin cikakken ma'aikaci ɗaya da rabi. Ga ƙungiyar da ma'aikatanta gaba ɗaya ba su wuce biyar ba, wannan ba ƙaramin tallafi ba ne.

Akwai dokar da ta tilasta wa kamfanoni?

A mafi yawan ƙasashe babu, ganin damar mai kamfani ne. A Birtaniya, jam'iyyar David Cameron, firaminista na lokacin, ta yi alkawari a zaɓen 2015 cewa ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni masu mutum fiye da 250 za su samu kwana uku a shekara na sa kai da albashi. Ta ci zaɓen, amma alkawarin bai zama doka ba. Faransa ta bi hanyar kwaɗaitarwa: a ƙarƙashin dokar 2003 da ake dangantawa da ministan al'adu na lokacin, Jean-Jacques Aillagon, kamfanin da ya ara wa ƙungiyar agaji ma'aikacinsa yana samun rangwamen haraji, galibi kashi 60 cikin 100 na abin da ya kashe a kan ma'aikacin a tsawon lokacin. Indiya kuma, a dokar kamfanoni ta 2013, ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a ayyukan al'umma, sai dai wannan zancen kuɗi ne, ba kwanaki ba.

Me kamfani yake samu? Ai ruwa ba ya tsami banza.

Yana samu, kuma babu dalilin ɓoyewa. Sunansa yana kyau a idon jama'a, masu neman aiki suna duba irin wannan dama kafin su zaɓi inda za su, ƙaramin ma'aikacin da ba a taɓa ba shi jagoranci a ofis ba yakan koyi tsara aiki da tafiyar da mutane a wajen sa kai, waɗanda ba sa haɗuwa sai a taro kuma su san juna. Masanin tattalin arzikin nan Milton Friedman ya rubuta a 1970 cewa nauyin da ke kan kamfani game da al'umma shi ne ƙara ribarsa, har yau kuma akwai masu wannan ra'ayi. Ni dai ban ga cin karo ba. Kamfani ya amfana, al'umma ta amfana, madalla. Damuwata tana farawa ne a inda amfanin kamfani ya zama shi ne ma'auni, na al'umma ya koma baya.

To su ƙungiyoyin agajin, da gaske suna amfana?

Nan gizo ke saƙar, kuma ita ce tambayar da aka fi tsallakewa. Amsar ita ce wani lokaci ƙwarai, wani lokaci kuma asara suke yi.

A ce kamfani ya kira wata ƙaramar ƙungiya ya ce ranar kaza zai turo mutum 40. Dole wani daga cikin 'yan ma'aikatan ƙungiyar ya ajiye aikinsa ya nemo abin da mutum 40 marasa horo za su iya yi a wuni ɗaya, ya sayo kayan aiki, ya tarbe su, ya yi bayani, ya kula kada wani ya ji ciwo, bayan sun tafi ya gyara abin da ba a gama ba. Shi ya sa fentin bango ya yi yawa a wannan harka, don shi ne aikin da taro zai iya yi a rana guda kuma ya yi kyau a hoto. Ƙungiyar kuma tana jin nauyin cewa a'a, saboda tana fatan gobe kamfanin zai ba ta gudummawar kuɗi. Abin yakan fi tsanani a ranakun da kowa ke so ya fito, kamar 5 ga Disamba, ranar 'yan sa kai ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1985, ko 18 ga Yuli, ranar Mandela, da ake kira ga kowa ya ba da minti 67. Ranaku ne masu daraja wajen zaburar da mutane, amma buƙatar marayu da marasa lafiya tana nan a sauran kwanakin shekara ma.

Maganin ba wuya gare shi ba. A fara da tambayar ƙungiyar me take buƙata, yaushe, mutum nawa, a kuma yarda da amsarta ko da ba ta yi daidai da abin da aka tsara ba. In za a tura taro, a haɗa da kuɗin kayan aiki da na lokacin wanda zai kula da su.

Wane irin sa kai ne ya fi amfani?

A ganina, wanda mutum ya kai abin da ya ƙware a kai, kuma ya riƙa komawa. Akanta da ya ba ƙungiya sa'a biyu kowane wata yana duba lissafinta ya cike mata gurbin da ba za ta iya ɗaukar ma'aikaci ta cike ba. Haka lauya da zai duba mata yarjejeniyar haya, ko masanin kwamfuta da zai tsare mata bayanan waɗanda take taimaka wa. Don haka tsarin da ya bar ma'aikaci ya rarraba hutunsa sa'a-sa'a ya fi wanda ya ce sai an ɗauki wuni sukutum. Ban raina aikin ƙarfi ba. Bayan ambaliya, ko lokacin dashen itatuwa, hannu da yawa ake nema, kuma akwai wanda ya gaji da lissafi yake so ya riƙe shebur. Wannan ma haƙƙinsa ne.

Za a iya tilasta wa ma'aikaci ya je?

In an tilasta, ya tashi daga sa kai ya koma aiki. Ƙa'idojin ƙwadago na Amurka sun fayyace haka: aikin agajin da aka yi bisa buƙatar mai kamfani ko ƙarƙashin umarninsa, lokacin aiki ne. Akwai kuma tilas na ɓoye, inda ba a ce dole ba amma ana duba wanda bai je ba lokacin ƙarin girma. Wannan ma ya kamata a guje shi, domin wani yana jinyar mahaifiyarsa a gida, hidimar da ba ta shiga kowane rahoto.

Kowane ma'aikaci ne yake cin moriyar?

Sau da yawa a'a, kuma abin yana damuna. Ma'aikacin ofis zai iya ɗage aikin yau zuwa gobe. Mai tsayuwa a bakin inji, da direba, da mai gadi, da nas mai aikin kwana, in suka tashi sai an samu wanda zai tsaya a madadinsu. In kamfani bai tanadi wannan ba, hutun yana rubuce a takarda amma shugabansu ba zai sa hannu ba. Masu kwantiragi da masu aikin wucin gadi kuwa sau da yawa ba a ma sa su cikin tsarin. Alhali su ne galibi suka fi kusa da unguwannin da ake so a taimaka wa, suka fi sanin inda ciwon yake.

Aiki da yara ko masu rauni fa?

Nan ba a sassauci. Ƙungiyar kirki za ta binciki tarihin mutum kafin ta bar shi da yara, ta hana ɗaukar hotonsu ba izini, kuma mai yiwuwa ta ƙi karɓar baƙin wuni ɗaya gaba ɗaya, don yaron da ya rasa iyaye ba ya buƙatar fuskokin da zai shaƙu da su yau su ɓace gobe. Kada kamfani ya ji haushin wannan.

Wurin aikina babu wannan tsari. Ta ina zan fara?

Fara da tambayar sashen kula da ma'aikata, don wani lokaci tsarin yana nan, sanarwa ce ba a yi ba. In babu, nemi abokan aiki biyu ko uku masu sha'awa, ku je wa wata ƙungiya da kuka yarda da ita ku ji buƙatarta, sannan ku rubuta wa shugabanni takarda shafi ɗaya. Ku nemi abu kaɗan na gwaji, kamar kwana ɗaya ga kowa na shekara guda, ku faɗi kwana nawa za a ba da sanarwa kafin tafiya, wa zai riƙe aikin wanda ya tafi, wa ke da alhaki in an yi hatsari a can, da irin ƙungiyoyin da aka amince da su. In shekara ta zagayo, kafin ku ƙirga sa'o'in da aka yi, ku koma wurin ƙungiyar ku tambaye ta ko tana so ku dawo, da abin da take so a sauya.