Sabar ba ta ganin tafiyar baƙo: waiwaye kan farawa da ƙarewar zama a manhajar intanet

Tun asali HTTP, ƙa'idar da burauza da sabar (kwamfutar da ke riƙe da shafin) ke magana da ita, ba ta riƙe kowa a ka. Burauza ta nemi shafi, sabar ta miƙa, an rabu ke nan. Ko bayan daƙiƙa biyu ta dawo, baƙuwa ce. Sai a 1994 Lou Montulli na kamfanin Netscape ya fito da kuki, ɗan guntun bayanin da burauza ke ajiyewa tana nunawa duk zuwan da ta yi. Da shi aka fara gane cewa mai wannan kwandon sayayya shi ne na ɗazu.

Da aka iya gane mutum, masu rubuta manhaja suka so sanin yaushe ya shigo, yaushe ya fita, wato farawa da ƙarewar zamansa (session). A ƙarshen 1996 Microsoft ya kawo ASP, fasaharsa ta rubuta manhajar intanet, da fayil ɗinsa global.asa, inda aka tanadi gurbi huɗu: tashin manhaja, tsayawarta, buɗewar zama, da rufewarsa. Java ta biyo baya a 2001 da Servlet 2.3, tsarinta na manhajar sabar, wanda ya kawo ServletContextListener don tashi da tsayawar manhaja da HttpSessionListener don buɗewa da rufewar zama.

Ɓangaren farawa bai cika ba da wahala ba. Nan ake haɗa manhaja da rumbun bayanai, a ɗora saituna sau ɗaya, kowa ya amfana. Ƙarewar zama ce ta wahalar da mutane, har gobe. Wanda ya rufe burauza ko datarsa ta ƙare ba ya sallama. Sabar dai jira take, in shiru ya kai minti 20 a ASP, ko 30 a Tomcat, sabar manhajojin Java, sai ta yanke cewa ya tafi. Shi ya sa ƙidayar "mutum kaza ne a shafin yanzu" da aka yi yayi a da kullum tana haɗawa da waɗanda suka daɗe da tashi.

A ASP.NET na 2002, magajin ASP, abin ya ƙara fitowa fili: Session_End, gurbin rufewar zama, ba ya tashi sai in zaman yana cikin ƙwaƙwalwar manhajar kanta. Ka mayar da zaman rumbun bayanai na SQL Server don sabar da yawa su yi tarayya, ba za a ƙara kiran Session_End ba, kuma babu gargaɗi. A ganina, duk wanda ya rataya wa wannan gurbi sakin kayan da mai saye ya kama ko adana aikin mutane, ya yi ganganci da amanarsu.

ASP.NET Core da ya fito a 2016 ya yi watsi da Global.asax, magajin global.asa, gaba ɗaya. Har yanzu yana da hanyar sanin tashi da tsayawar manhaja, amma zama kam, wa'adi ake sa masa ya goge ba tare da sanarwa ba.