Waiwaye: yadda gargaɗin ruwan famfo ya zama doka a Amurka

A farkon watan Afrilun 1993, masu shagunan magani a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin sun lura maganin gudawa yana ƙarewa a kantunansu, makarantu kuma sun ga yara suna ta fashin zuwa aji. Ruwan famfo ne ya ɗauko wata ƙwayar cuta mai suna Cryptosporidium, wadda sinadarin kulorin ba ya iya kashe ta da sauƙi. Tun ƙarshen Maris ruwan ya fara gurɓacewa, amma sai ranar 7 ga Afrilu aka ce wa jama'a su riƙa tafasa shi. Kafin a shawo kan lamarin mutum kusan 403,000 sun kwanta, aƙalla 69 sun rasu, akasarinsu masu raunin garkuwar jiki.

Ba wai babu doka a lokacin ba. Tun 1974 Amurka ta kafa dokar tsaftar ruwan sha, wadda ta wajabta wa hukumomin ruwa sanar da mutane idan an samu matsala. Sai dai a wancan lokacin ko a lamari mai hatsari, hukuma tana da awa 72 kafin ta kai sanarwa gidajen rediyo da talabijin. Kwana uku ga uwar da ke dama wa jariri madara da ruwan nan ai ba ƙaramin lokaci ba ne.

Bayan Milwaukee majalisa ta gyara dokar a 1996, ta ce kowace hukumar ruwa ta riƙa ba masu shan ruwanta rahoton shekara kan inda ruwan ya fito da abin da gwaji ya nuna. A 2000 kuma hukumar kare muhalli ta EPA ta kasa sanarwa gida uku. Abin da zai iya kwantar da mutum nan take, awa 24. Wanda illarsa ba ta gaggawa ba ce, kwana 30. Ƙananan kurakurai irin na jinkirin gwaji, shekara guda.

A waccan shekarar ce wani ƙaramin gari a Kanada, Walkerton, ya nuna cewa sa wa'adi kaɗai bai wadatar ba. Sakamakon gwaji ya nuna akwai ƙwayar E. coli a ruwan, waɗanda ke kula da shi suka ɓoye. Jami'an lafiya ne suka fitar da gargaɗi ranar Lahadi 21 ga Mayu ta gidajen rediyon yankin, ana tsakiyar hutun ƙarshen mako, mutane da dama ba su ji ba a ranar. Mutum bakwai suka mutu, kimanin 2,300 suka kamu, a garin da bai kai mutum 5,000 ba. Wannan ne ya fi tsaya min a rai: an yi sanarwar, amma ba ta shiga gidajen da ake shan ruwan ba.

Shi ya sa yanzu ake haɗa hanyoyi: rediyo, saƙon tes, kiran waya, Facebook, da takarda a ƙofar gida. Dokar Amurka ta ce a sa jimlar da ke roƙon wanda ya samu sanarwa ya isar wa 'yan haya, makarantu da gidajen kula da tsofaffi, domin ba sunansu ke kan takardar biyan kuɗin ruwa ba. Inda masu wani harshe suke da yawa, dole a yi musu bayani da harshensu.

Kalmomin gargaɗin ma sai an tantance su, don ba kowane ruwa tafasawa ke gyarawa ba. A Agustan 2014 an hana mutanen birnin Toledo na jihar Ohio shan ruwansu na kusan kwana uku saboda gubar gansakuka daga tafkin Erie, aka kuma ja kunnensu kada su tafasa, domin tafasawa ƙara wa gubar ƙarfi take yi. Haka dalma take. A birnin Flint na jihar Michigan, inda aka sauya tushen ruwa a Afrilun 2014 har dalma ta shiga ruwan famfo, mutane sun fi shekara suna kukan launi da warin ruwa ana ce musu lafiya lau ne. Bayan nan ne majalisa ta yi doka a 2016, aka sa hauhawar dalma cikin abubuwan da dole a sanar cikin awa 24.